Daga Bin Sawu Zuwa Zanen Yatsa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Ɗangora, inda hanya ta rabu ta nufi Tudun Wada da Doguwa, ta ratsa dajin Falgore ta miƙe Jos. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma inda shanu su ke da yawa ba a rasa ɓarayinsu, balle ga daji kusa. To, idan aka kore wa Bafillace shanu da dare, in mai hankali ne, abin da zai fara yi da asuba shi ne ya hana kowa kusantar garken, ko da ɗan'uwansa ne ya zo jaje. Sa'an nan ya aika a kira mai bin sawu.

Mun taɓa ganin irin wannan mutum yana aikinsa, ba mu kuwa manta ba. Ba ya gaggawa, ba ya yawan magana. Ya kan tsuguna ya dubi sawun ta gefen da rana ke fitowa, domin inuwa ta nuna masa zurfinsa. Ya san takun saniyar da ke kiwo, ya san na wadda aka kora da sanda, gama na biyun ya fi nisa kuma ya fi nutsewa. Ya kan taɓa kashin shanu ya ji ko ya huce. In ya ga tururuwa ta riga ta yi hanya ta kan sawu, ya san an daɗe da wucewa. In ya ga an kakkaɓe raɓa daga ciyawa, ya san bayan saukar raɓa aka bi. Da ya sami sawun mutum mai kyau sai ya karya kara daidai tsawonsa ya jefa aljihu, ya kife sawun da ƙwarya don kada iska ko akuya su ɓata shi. Can kasuwa kuma, in Allah ya sa aka ci karo da dabbar, yankan kunnenta da lalas ɗin jikinta su ne za su faɗi mai ita.

Wannan mutum bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya ke yi shi ne tushen ilmin nan da 'yan sandan duniya ke taƙama da shi, watau gano mai laifi ta hanyar alamun da ya bari. Abin da ya rasa ɗaya ne: iliminsa a kansa ya ke, ran da ya mutu an binne su tare. Ilmin bai zama abin da za a koyar ba sai da idon mai bin sawu ya gamu da rajistar akawu. Shi ya sa muka ga ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su ji yadda abin ya faro, domin rabin labarin nasu ne.

Mu fara da abin da a kan yi in ba a duba alama ba. A kan tafi wurin boka ya buga ƙasa ya ce wane ne. A wasu wurare a da a kan jiƙa ɓawon gwaska a ba wanda a ke zargi ya sha, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce alhaki ne ya kama shi, alhali kuwa gwaska guba ce, ba ta san mai gaskiya ba. Mafi yawa kuma duka ne, a yi ta jibgar mutum har ya amsa. Kowa kuwa ya sani, wanda ya sha wuya sosai zai amsa ko satar wata aka ce ya yi.

Shari'ar Musulunci da alƙalanmu suka gada ta tsaya a kan shaidu, da iƙirari, da rantsuwa, amma ba ta rufe ido ga alama ba. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusufu, yadda aka raba gardama ta duba inda rigarsa ta yage, gaba ko baya. Malaman tafsiri kuma sun ce tun farko mahaifinsa ya gane ƙaryar 'ya'yansa domin sun kawo riga da jini amma ba yaga ko ɗaya, kamar dai kyarkecin ya tuɓe wa yaron riga kafin ya cinye shi. A ranar Badar, da samari biyu kowanne ya ce shi ya kashe Abu Jahal, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su ko sun goge takubbansu, sa'an nan ya duba jinin da ke jikinsu. Larabawa ma suna da gwanayen bin sawu da gane kama, ilmin da su ke kira ƙiyafa. Ibn Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabar Malikiyya wanda ya rasu cikin 1397, ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamu cikin littafinsa Tabsiratul Hukkam, wanda malamanmu suka sani. A shari'ar kisa kuwa akwai lausu, watau alamar da ta ƙarfafa zato amma ba ta kai shaida cikakkiya ba, kamar a tarar da mutum tsaye kan gawa da jini a jikinsa. Ita ce ke buɗe ƙofar ƙasama, rantsuwa 50 ta dangin mamaci. Littattafan shari'ar majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, ba su ɓace ba, har an juya wasu zuwa Turanci cikin 1994, kuma mai karanta su zai ga yadda nauyin shari'a ya rataya a wuyan shaidu da rantsuwa. Matsalar ita ce, alƙali yana iya ganin jini, amma ba shi da hanyar sanin ko na mutum ne ko na rago. Amsar wannan sai da aka jira ta har farkon ƙarni na 20.

Littafi mafi tsufa da ya iso mana wanda aka keɓe shi ga binciken gawa a ƙasar Sin aka rubuta shi cikin 1247. Mai shi wani alƙali ne, Sung Tsi, kuma ma'anar sunan littafin ita ce wanke zalunci. A ciki akwai labarin da ya dace da ƙasarmu ƙwarai. An tsinci gawar wani mutum a bakin hanya da saran lauje a jikinsa, ba a kuwa ɗauki kayansa ba, saboda haka mai bincike ya ce wannan ba fashi ba ne, gaba ce. Ya sa mutanen ƙauyen kowa ya kawo laujensa, aka jera su a ƙasa wajen 70 ko 80, lokacin kuwa ana zafi. Duka an wanke su fes. Jim kaɗan sai ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya suka bar sauran. Mai laujen, wanda dama an san sun yi rigimar bashi da mamacin, ya rasa ta cewa, ya amsa. Ba a taɓa shi da bulala ba.

A Turai kuwa guba ce ta tilasta wa masana tashi tsaye. Akwai wani farin gari da a ke kira asinik, a na sayar da shi a matsayin maganin ɓera, ba shi da wani ɗanɗano, wanda ya ci shi kuma sai ya yi ta amai da gudawa kamar mai kwalara. Magada masu gaggawa sun yi ɓarna da shi har Faransawa suka yi masa laƙabi da garin gado. Wani Bature mai ilmin haɗa magunguna, James Marsh, an taɓa kiransa shaida a shari'ar wani saurayi da a ke zargi ya sa wa kakansa gubar a cikin kofi. Ya gwada ya same ta, amma kafin ranar shari'a abin da ya samu ya lalace, masu yanke hukunci ba su gamsu ba, aka sallami saurayin. Haushin wannan ya sa Marsh ya duƙufa, cikin 1836 ya fito da sabuwar dabara. A kan zuba abin da a ke zargi cikin kwalba tare da ƙarfen tutiya da ruwan asid irin na batirin mota, in akwai gubar sai ta fito cikin iska, a kunna wa iskar wuta a kara mata farantin tangaran mai sanyi, sai wani baƙin tabo mai ƙyalli ya manne. Tabon ba ya gushewa, ana iya kai shi gaban alƙali. Cikin 1840 aka yi shari'ar wata mata a Faransa, Marie Lafarge, a kan mutuwar mijinta. Likitocin lardin suka yi ta gwaji suna saɓa wa juna, sai da aka kira babban malami Orfila daga Faris ya sake yi da kansa, ya ce akwai gubar a gawar, aka yi mata ɗaurin rai da rai. Abin lura a nan, dabara ɗaya ce, amma hannun da bai ƙware ba ya ba da amsa dabam.

Yanzu ga inda akawu ya shigo. Tsofaffin ma'aikatan En'e suna tuna ranar biyan leburori, yadda wanda bai iya sa hannu ba zai dangwala babban yatsa a kan takardar biya. Wannan al'ada daga Indiya ta samo asali, kuma ba don kama ɓarayi aka fara ta ba. Cikin 1858 wani jami'in mulki, William Herschel, ya ba wani ɗan kwangila mai suna Rajyadhar Konai aikin kawo kayan gyaran hanya a Jangifur, ƙasar Bengal. Da ya ke ya gaji da mutanen da ke sa hannu yau su musanta gobe, sai ya sa shi ya shafa tawada a tafin hannu ya danna a bayan takardar. Shi kansa ya ce da farko don tsoratarwa ya yi. Amma ya ci gaba da tara zanen yatsu, nasa da na abokansa, yana sake ɗauka bayan shekaru, har ya tabbata ba ya sakewa daga ƙuruciya zuwa tsufa. Cikin 1877, yana majistare a Hugli, ya sa a riƙa ɗaukar yatsan masu karɓar fansho, domin akwai matattun da ba su fasa karɓa ba, da na masu sayar da filaye, da na fursunoni don kada mai kuɗi ya yi hayar wani ya yi masa zaman kurkuku. Mai karatu zai ga cewa ma'aikacin bogi ba yau aka haife shi ba.

Wanda ya fara cewa a fili za a iya kama mai laifi da tabon yatsan da ya bari shi ne Henry Faulds, likita a wani asibiti a Tokiyo, cikin wata wasiƙa da aka buga cikin 1880. Sa'an nan Francis Galton ya fitar da littafi a kan maganar cikin 1892, inda ya ƙiyasta cewa damar yatsu biyu su zo ɗaya ba ta wuce 1 cikin miliyan dubu 64 ba.

A wannan shekara ta 1892 aka yi shari'ar da ta fi kowace taɓa mu. A garin Nekociya, ƙasar Ajantina, aka tarar da yara biyu an kashe su a ɗaki, uwarsu Francisca Rojas kuma da rauni a wuya. Ta ce wani maƙwabcinsu, Velázquez, shi ya yi. Aka kama shi, aka yi masa dukan kawo wuƙa, har an ce aka ɗaure shi ya kwana tare da gawawwakin, amma ya ce bai yi ba. Sai aka aiko wani sufeto, Eduardo Álvarez, wanda ya san aikin da Juan Vucetich ke yi na tara zanen yatsu a ofishin 'yan sandan La Plata. Ya duba ɗakin a tsanake, ya ga tabon yatsa na busasshen jini a jikin ƙofa. Ya yanke katakon ya tafi da shi, ya sa matar ta dangwala a takarda, aka gwada, ya zo daidai da nata. Nan take ta amsa. Wannan shi ne karo na farko da zanen yatsa ya warware shari'ar kisa, kuma kafin ya kama mai laifi sai da ya kwance marar laifi.

Saura matsala ɗaya, kuma ta ofis ce tsantsa. In kana da katin mutum dubu ɗari, aka kawo maka sabon fursuna wanda ya sake suna, yaya za ka nemo katinsa? An warware wannan a Kalkata, a ofishin Edward Henry, shugaban 'yan sandan Bengal, amma masu aikin lissafin ƙananan ma'aikatansa ne biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose. Zanen yatsa iri uku ne manya. Akwai mai kwana, wanda layukansa ke shigowa daga gefe su juya su koma inda suka fito, shi ya fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 65 cikin 100. Akwai mai kewaye kamar saƙar faifai, wajen kashi 30 zuwa 35. Akwai mai tudu kamar kunyar gona, wajen kashi 5. Suka ce, a tambayi kowane yatsa tambaya ɗaya: faifai ne ko ba faifai ba? Amsa biyu, yatsu goma, in ka riɓa 2 sau 10 za ka sami 1,024. Saboda haka aka yi kabad mai ramuka 32 a tsaye 32 a kwance, kowane kati da raminsa, a cikin ramin kuma a sake rarrabawa. Aikin da zai ci makonni ya koma na mintoci. Aka buɗe ofishin zanen yatsa na Kalkata cikin 1897, na Landan kuma cikin 1901. Har yau tsarin Henry a ke ce masa, ko da ya ke bayan shekaru da yawa shi Henry ya yarda a rubuce cewa Haque ya yi babban aiki a ciki. Ƙaramin ma'aikaci ya yi wahala, sunan babba ya fito: ba sai mun yi wa akawu bayanin wannan ba.

Cikin 1905 aka kashe wani tsoho mai kantin fenti da matarsa a unguwar Deptford ta Landan, aka bar akwatin kuɗi a buɗe da tabon babban yatsa a ciki. Sai da aka fara ɗaukar yatsan wani sajan, domin ya riga ya taɓa akwatin da hannu, aka ɗauki na mamatan, aka fid da su, sa'an nan aka tabbata tabon na baƙo ne. Ya zo daidai da na Alfred Stratton, aka rataye shi da ƙanensa.

Ita kuwa tambayar jinin mutum ko na rago, wani likita Bajamushe, Paul Uhlenhuth, ya amsa ta cikin 1901. In aka yi ta yi wa zomo allurar ruwan jinin mutum, jikinsa ya kan yi abin yaƙi da shi, in aka ɗebi ruwan jinin zomon aka ɗiga cikin jiƙon tabon, sai ya yi gurɓi in jinin na mutum ne. A shekarar aka gwada dabarar a kan tufafin wani kafinta, Ludwig Tessnow, wanda ya ce tabon jikinsu rinin katako ne. Aka sami jinin mutum, aka kuma sami na tumaki, dama an zarge shi da yayyanka tumakin wani manomi. Cikin 1910 Edmond Locard ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a saman ginin kotun Liyon, ya kafa aikinsa a kan cewa duk wanda ya shiga wuri zai bar wani abu nasa, ya kuma fita da wani abu na wurin, ko ƙura ko zare ko gashi. Da an faɗa wa mai bin sawun Falgore wannan, da ya ce ai tun yana yaro ya sani.

Kada dai a ɗauka alama ba ta ɓad da mutum. A nan Nijeriya, tsakanin 1945 da 1948, aka yi ta tsintar gawawwaki a yankin Abak da Opobo, lardin Kalaba na lokacin, da rauni irin na damisa. Hukuma ta ce mutane ne ke kisa suna kwaikwayon damisa, likitoci suka yi ta duba raunuka don su raba faratan dabba da ƙarfen maƙeri, aka rataye mutum 77. Tun a lokacin akwai jami'an da suka yi shakka, domin akwai damisoshi na gaske a dajin, kuma masu tarihi ba su daina gardama a kan nawa ne aikin mutum nawa ne na dabba ba. Wanda aka rataye kuwa ba a ɗaukaka masa ƙara. Ko da gwajin ƙwayar halitta ta gado, wadda a ke kira DNA, ya fito a jami'ar Lesta ta Ingila cikin 1984, aikinsa na farko a shari'ar kisa, cikin 1986, shi ne ya wanke wani yaro ɗan shekara 17 wanda ya riga ya amsa laifin a hannun 'yan sanda. Mai laifin na gaske sai cikin 1988 aka ɗaure shi.

Yau yatsan ɗan Nijeriya yana cikin na'ura, tun da aka fara rajistar masu ajiya a banki cikin 2014, ga kuma ta zaɓe da ta katin ɗan ƙasa. Amma na'ura ba ta karanta abin da ƙafafun jama'a suka riga suka tattake. Malamin da ya ke so ya koya wa yara wannan ba ya bukatar kayan aiki: baƙin fitila, ɗan man gyaɗa, da farar takarda sun isa. Kowane yaro ya dangwala yatsunsa goma, su rarraba mai kwana da faifai da kunya, su fid da kashi cikin ɗari, su gwada da adadin da muka bayar. Darasin lissafi ya samu, na lura kuma ya samu.

Mun taɓa zuwa rangadi wata makaranta a kudancin Kano, ba za mu faɗi sunanta ba, muka tarar an fasa ɗakin ajiya da dare an kwashe buhunan hatsi. Ƙarfe tara muka isa. Kafin nan duk garin ya riga ya shiga ɗakin ya fito, an ɗaga kwaɗon da aka karya ana miƙa wa juna, wani mai son tsabta har ya share bakin ƙofa. An yi yayyafi da daren, saboda haka da an bar wurin da sawun ya fito kamar an buga hatimi. Da aka rasa abin kamawa sai aka kama mai gadi, dattijo ne mai shekaru kusan 60, aka kumbura masa fuska. Bayan mako uku aka ga buhunan da tambarin makarantar a wata kasuwa, a hannun mutanen da bai taɓa sani ba. Aka aika masa ya dawo bakin aikinsa, ya ce a gaishe da hedimasta, ya gode.